Abdullahi Bature: Baƙon Da Ya Yi Jinyar Abokinsa A Ƙasar Katagum

A kowane zango akwai ɗakin da aka taɓa kwantar da baƙo. Mutum ne ya baro garinsu neman abinci, ciwo ya kada shi, ga shi ba uwa ba uba, ba mata ba ɗa a kusa. Mai ɗaga kansa ya ba shi ruwa sai abokin kwana, ko maigidan da ya sauke shi. Mu da muke zaune nesa da gida mun san wannan hali sarai, domin da yawanmu mun yi jinyar wanda ba mu haɗa jini da shi ba, wasunmu kuma su aka yi wa. Shi ya sa a wannan fitowa filinmu na tarihi ya ɗauko rayuwar wani baƙo da ya shigo ƙasar Hausa shekara 200 da suka wuce, abokinsa ya cika a hannunsa a ƙasar Katagum, shi kuma ya cika a hannun yaronsa a Sakkwato. Sunansa Kyaftin Hugh Clapperton, amma a tafiye-tafiyensa sunan Abdullahi ya ɗauka, kuma da shi sarakunanmu suke kiransa.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haife shi ran 18 ga Mayu 1788 a wani ƙaramin gari mai suna Annan a ƙasar Sikotland, arewa da Ingila. Mahaifinsa likita ne mai tarin 'ya'ya, saboda haka yaron bai samu wani dogon karatu ba. Yana ɗan shekara 13 ya shiga aikin jirgin ruwan 'yan kasuwa, daga baya ya tsinci kansa cikin sojan ruwan Ingila a zamanin yaƙinsu da Faransa. Ya yi yaƙi a tsibirin Morishiyos a 1810, aka tura shi Kanada a 1814 inda ya zama laftana. Da yaƙi ya ƙare aka sallamo shi gida a 1817 da rabin albashi. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, ga juriya, ga kuma saurin fushi.

A birnin Edinbara ya haɗu da mutumin da ya sauya masa rayuwa, wato Likita Walter Oudney, wanda shi ma ya yi aikin likita a jiragen yaƙi. Gwamnatin Ingila ta zaɓi Oudney ya je Barno don neman hulɗar ciniki da kuma gano inda kogin Kwara ya dosa. Clapperton ya ce zai raka shi. Aka haɗa su da wani soja, Manjo Dixon Denham, wanda tun daga farko jininsu bai haɗu da shi ba.

Daga Tarabulus zuwa Kukawa

Sun taso daga Tarabulus a farkon 1822, suka yada zango mai tsawo a Murzuk ta ƙasar Fezzan. A can ne ciwo ya fara kama Oudney a ƙirji, tari ya zauna masa, yana cin jikinsa a hankali. Abin da a yau za mu kira tarin fuka ke nan. A ƙarshen Nuwamba 1822 suka shiga hamada ta hanyar Bilma, suka hango tafkin Chadi ran 4 ga Fabrairu 1823, suka shiga Kukawa ran 17 ga watan, Shehu Laminu ya karɓe su. Wata goma suka yi a Barno, yau wannan ya kwanta gobe wancan, amma na likitan ya fi tsanani.

Ran 14 ga Disamba 1823 Clapperton da Oudney suka bi ayarin fatake Larabawa da Barebari suka nufo Kano, Denham ya tsaya a Barno. Mai karatu zai ce, me ya kai mara lafiya tafiya cikin hunturu? Ai shi likitan ne ya ƙi zama. Ya san abin da ke jikinsa, ya gwammace ya ƙarasa aikin da ya kawo shi. A hanya sanyi ya yi tsanani ƙwarai, har Clapperton ya rubuta cewa wata safiya sun tarar ruwa ya daskare a cikin salka. Wannan sanyi ya ƙarasa karya likitan. A kwanakin ne ya gaya wa abokinsa cewa shi kam ya ga alamar ba zai kai ba, ya kuma bar masa wasiyyar inda za a kai takardunsa a Landan.

A birnin Katagum

Ran 2 ga Janairu 1824 ayarin ya iso Katagum. Mutanenmu na Guddiri da ke cikin wannan zango, a lura, ba Azare ake nufi ba. Tsohon birnin Katagum ne da ke bakin kogi, a ƙaramar hukumar Zaki ta yanzu, wanda Malam Zaki, mai tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa. Sai bayan zuwan Turawa aka mai da fadar Azare. A lokacin da baƙin suka iso Malam Zaki ya yi shekara 10 da rasuwa, Sarki Ɗankauwa ke bisa gadon sarauta.

Clapperton ya bar mana hoton garin. Ya ce birni ne mai kusurwa huɗu da ƙofa huɗu, ganuwa biyu da gwalalo uku, bai ga gari mai tsaro kamarsa ba tun barinsu Tarabulus. Ya ƙiyasta mutanensa tsakanin 7,000 da 8,000, kuma a nan ne ya fara ganin ana ciniki da wuri. Sarki Ɗankauwa ya yi musu tarba ta girma, ya aiko musu da goro da abinci, ya zo da kansa ya gan su. Wata rana Clapperton ya nuna masa harbin bindiga, ya sami abin da ya auna sau biyu a jere, Sarki ya ɗauko riga ta alfarma ya yafa masa.

To amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da ke faruwa a masaukin likita. Tun a hanya, duk inda suka sauka, da labari ya bazu cewa akwai mai magani cikin ayari sai jama'a su yi dafifi, maza da mata, masu ciwo iri iri. Mutumin da numfashi ke gagararsa shi ne ke zaune yana sauraron koken wasu, yana auna musu magani, har ƙarfinsa ya ƙare. Shi kuma da nasa ciwon ya matsa masa, bai raina maganin ƙasar ba. Ya sa wani mai aikin wanzanci ya yi masa ƙaho a haƙarƙarinsa na hagu, Clapperton yana kallo, har ya yaba gwanintar yadda ake tsagawa da aska a kafa ƙahon a zuƙe iska. Ka ji ikon Allah: likita daga Edinbara yana ba mutanen ƙasa magani, wanzaminsu kuma yana yi masa ƙaho.

Kwanan ƙarshe a Murmur

Ran 10 ga Janairu suka bar Katagum, Sarki ya haɗa su da jagora. Oudney ba ya iya zaman doki kuma, sai Clapperton ya sa aka ɗaura wani katako bisa raƙumi aka shimfiɗa masa gadonsa a kai. Kashegari da tsakar rana dole suka tsaya a wani gari da ya rubuta sunansa Murmur, don ya ga jikin ya yi nauyi ainun.

Da asubar 12 ga Janairu likitan ya sha ɗan gahawa, ya ce a ɗaura wa raƙuma kaya. Clapperton ya san babu inda za a je, amma bai yi masa gardama ba. Ya sa aka yi labtu, ya taimake shi ya sa tufafinsa, yaronsa ya riƙe shi suka fito daga tanti. Kafin a ɗaga shi bisa raƙumi sai Clapperton ya dubi fuskarsa ya ga abin da ya gani. Nan take ya sa aka mai da shi ciki, ya zauna a gefensa, bai motsa ba har rai ya yi halinsa, ba shure-shure ba nishi. Shekarunsa talatin da 'yan kai ne kawai.

Sai ya aika wa mai garin yana neman izinin binne shi, aka ba shi ba tare da wani ja-in-ja ba. Aka haƙa kabari kusa da wata tsohuwar itaciya, gaba kaɗan da ƙofar gari ta kudu. Aka wanke gawar yadda mutanen ƙasar ke yi, aka naɗe ta da yadin rawunan da suka ɗauko don kai wa sarakuna tsaraba. Clapperton ya karanta addu'ar addininsu, ya sa aka kewaye kabarin da katangar ƙasa saboda kuraye, ya yanka tumaki biyu aka raba wa mabuƙata. Sannan ya kama hanyar Kano shi kaɗai cikin baƙin mutane, ga zazzaɓi a jikinsa.

A nan ya kamata mu ɗan dakata. A 1824 babu maganin tarin fuka a duk faɗin duniya. Ƙwayar cutar ma sai a 1882 wani likitan Jamus, Robert Koch, ya gano ta, maganinta na farko kuwa sai wajen ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Makarantar aikin jinya ta Florence Nightingale sai a 1860 aka buɗe ta a Landan. Clapperton kuwa sojan ruwa ne, bai koyi jinya ko'ina ba. Amma dubi abin da ya yi. Ya sauƙaƙa wa mara lafiya wahalar jiki. Ya saurari wasiyyarsa bai katse shi da cewa ai za ka warke ba. Ya bar shi da ikon faɗin abin da yake so har safiyar ƙarshe. Bai bari ya cika a waje kan idon jama'a ba. Ya zauna tare da shi. Ya suturta shi da mafi kyawun abin da ke cikin kayansa. Waɗannan su ne abubuwan da ake koya wa ma'aikatan jinya a yau game da wanda magani ya daina yi wa aiki, tun daga lokacin da wata Baturiya, Cicely Saunders, ta buɗe gida na musamman don irin waɗannan majinyata a Landan a 1967. Mu ma a tarihin Musulunci muna da Rufaida, wadda a cikin tantinta a masallacin Madina aka yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan raunin da ya samu a yaƙin Gwalalo.

Kano, Sakkwato da dawowa

Ya shiga Kano ran 20 ga Janairu, ya isa Sakkwato a tsakiyar Maris 1824. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi, ya danƙa shi hannun Waziri Giɗaɗo, mijin Nana Asma'u. Bello malami ne da ya yi rubuce-rubuce kan magani, kuma cikin abubuwan da ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita. Tsakanin baƙon da Waziri kuwa aminci ya ƙullu. Yana garin wani ɗan Waziri ya rasu da ciwon agana, Clapperton ya je ya yi masa ta'aziyya, wanda bai fi wata uku da binne nasa ba.

A kan hanyarsa ta komawa Barno ya biyo ta Murmur, sai ya ji cewa wani ayarin Larabawa ya rushe katangar kabarin har sun hura wuta a kai. Nan halinsa na fushi ya fito. Mai garin ya rantse ba mutanensa ba ne, amma Clapperton ya zabga masa bulala, ya ce zai kai ƙararsa wurin Sarkin Katagum in ba a sake ginawa ba. Wannan kam bai kyauta ba, domin mutumin da ya dake shi ne ya ba shi ƙasar binne abokinsa. Mun kawo wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka waliyyi muke ba da labarinsa. Haka kuma ba mu manta ba cewa irin waɗannan tafiye-tafiye su ne suka buɗe wa Turawa ido kan ƙasarmu, har abin da ya faru a 1903 ya faru.

Tafiya ta biyu

Ya koma Ingila a Yuni 1825, bai yi wata uku ba ya sake fitowa, wannan karon ta teku. Ya ɗauki wani saurayi ɗan shekara 21 mai suna Richard Lander ya zama yaronsa. Akwai kuma tafinta, wani dattijo Bagobiri da ya yi aiki a jiragen Turawa, suna kiransa Pasko. Suka taso daga Badagiri a Disamba 1825. Kafin watan ya ƙare abokan tafiyarsa biyu, Kyaftin Pearce da Likita Morrison, zazzaɓi ya kashe su a ƙasar Yarabawa. Ya ratsa tsohon birnin Oyo, ya shiga Borgu, inda ya haɗu da babban ayarin fatake Hausawa masu dawowa daga Gwanja da goro, wato kakannin da yawa daga cikinmu mazauna zango. Ya bi ta Busa inda Mungo Park ya halaka, ya haye Kwara, ya bi Nufe da Zariya, ya isa Kano a Yuli 1826.

A wannan hanya Lander ya sha kwanciya. Shi da kansa ya rubuta cewa in suka iso rafi mai zurfi ba jirgi, ga shi ba ƙarfin iyo, maigidansa ne ke saɓa shi a kafaɗa ya haye da shi. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da ya isa Sakkwato ya tarar zamani ya juya. Yaƙi ya tashi tsakanin Sakkwato da Barno, shi kuwa yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka, har da makamai, zuwa ga Shehu Laminu. Sarkin Musulmi ya hana shi wucewa, aka karɓe kayan. Kowane mai mulki haka zai yi a lokacin yaƙi, amma abin ya ci ran Clapperton ƙwarai. Ga ɓacin rai, ga gajiyar shekaru.

Ranar biyan bashi

Ran 12 ga Maris 1827 atuni ya kada shi. Lokacin bazara ne, zafin Sakkwato ya haura digiri 40 a cikin ɗaki. Lander, wanda shi ma zazzaɓi bai bar shi ba, shi ne mai wanki, shi ne mai hura wuta, shi ne mai girki, in ya gama ya zauna ya yi ta yi masa fifita. Da zafin ɗaki ya yi yawa sai ya riƙa ɗaukarsa a hannu yana fitar da shi inuwa, yamma ta yi ya mai da shi. Ƙaton mutumin nan da ke haye rafi da shi a kafaɗa ya rame har ya zama abin ɗauka. Kullum yana karanta masa littafin addininsu, yana zama suna hirar gida. Da Clapperton ya ga alama, ya kira shi ya ba shi wasiyya dalla-dalla: yadda zai adana takardu, yadda zai samu guzuri, da wanda zai miƙa wa amanar a Landan. Yadda Oudney ya yi da shi a hanyar Katagum, haka shi ma ya yi da yaronsa.

Bayan wata guda cur yana kwance, da safiyar 13 ga Afrilu 1827, ya cika a hannun Lander yana da shekara 38. Sarkin Musulmi Bello, duk da saɓanin da ya shiga tsakaninsu, ya ba da izinin binne shi, ya aiko da masu haƙa kabari. Aka ɗora gawar bisa raƙumi aka kai wani ƙauye kimanin mil 5 kudu maso gabas da birni. Lander shi kaɗai ya yi masa addu'a, daga baya ya sa aka gina ɗan ɗaki a kan kabarin.

Yaron bai ci amana ba. Ya ɗauki takardun ya ratsa ƙasa har Badagiri, ya isa Ingila a 1828, aka buga littafin tafiyar a 1829. Ta bakinsa ne dangin mamacin suka san yadda ɗan'uwansu ya ƙare, suka san cewa ba a yashe ya mutu ba. Shi ne kuma, tare da ƙanensa John, ya bi Kwara har inda ta shiga teku a 1830, aikin da ya ci ran maigidansa.

Abin da ya rage gare mu

Jama'a, ciwon da ya kashe mutanen nan biyu yau yana da magani. Tarin fuka ana warkewa da shan ƙwayoyi na wata 6, kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati a Nijeriya. Duk wanda tari ya wuce masa mako biyu, a kai shi a gwada, kada a tsaya ana jiƙe-jiƙe. Mai zawo ko atuni a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya da shi asibiti. Azare ma da ke ƙasar da Oudney ya rasu tana da babban asibitin tarayya.

Sai dai akwai ranar da likita zai ce an yi iyakar ƙoƙari. A ranar ne ake gane wane ne ɗan'uwa. Abin da ake buƙata bai wuce abin da muka gani a Murmur da Sakkwato ba: a tsaftace mara lafiya, a juya shi kada jikinsa ya yi gyambo, a jiƙa masa leɓe, a nemo masa maganin rage zafin ciwo, a saurari wasiyyarsa a rubuta, a tambaye shi bashin da ke kansa da wanda yake bi, a laƙƙana masa kalmar shahada cikin taushi, kada a bar shi shi kaɗai. Mai jinya ma a karɓe shi ya runtsa, don shi ma mutum ne. In ta Allah ta kasance, a sanar da mutanensa na gida, a kai musu kayansa cif-cif, a gaya musu yadda ya cika, domin wannan labari shi ne ke sanyaya zuciyar uwa da matar da ba su samu ganawa da shi ba.

Masu iya magana sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wanda ya zauna a gefen abokinsa a ƙasar Katagum bai san cewa shekara uku gaba shi ma zai buƙaci mai zama ba. Mu da ke baƙunta, babu wanda ya san a ɗakin wa zai kwanta. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya sa mu cika da kyau da imani, amin.